Kwalbar Peru a Ɗakin Turare

Poumpoumré, Garoua
Laraba, 8 ga Mayu, 2024

Adda Sadiƙa,

Assalamu alaikum. Ina gaida ke da Malam Abduljalil da yara, da fatan damina ta sauka muku lafiya.

Ke kika koya mini cewa da abin da ya faru na ƙarshe ake fara labari. To ga shi. Jiya Talata da hantsi Inna ta juye kusan rabin giyar da na ɓoye a ɗakin turarenta cikin humrar wata amarya. Ba ta san abin da ta zuba ba, ni kuma ban gaya mata ba.

Bari in koma baya. Shekara tara ke nan Inna tana gaya wa mutane autanta yana karɓar baƙi a otel, kuma ke kaɗai a gidanmu kika san cewa a bayan teburin mashaya nake tsayawa. Kin san ban taɓa kai ko ɗigo bakina ba. Da hanci nake haɗawa, hancin da Baba, Allah ya jiƙansa, ya horar a rumfar turarensa. In na haɗa, Brice abokin aikina ya tsoma bututun roba ya ɗanɗana, ya ce a ƙara ko a rage. Haka muke yi, kuma ba a taɓa dawo mana da kofi ba.

An kawo mana sabuwar shugaba daga Douala, Madam Laetitia. Ta ce mashayar ba ta buƙatar mutum biyu: ɗaya zai tsaya, ɗaya ya kama gabansa. Ta kuma ji labarin ba na ɗanɗanawa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kuku da ba ya lasar miya. Ban taɓa gani ba."

Ga yadda za ta zaɓa. Akwai wani baƙo ɗan ƙasar Peru, masanin dankalin turawa, da ya yi shekara biyu yana aiki da manoma a wajen Mokolo, yana sauka wurinmu kowane ƙarshen wata. Zai koma gida, za a yi masa liyafa ranar Asabar 25 ga wata. Abu ɗaya yake sha kullum, wani tsohon haɗi na giyar jin da lemun tsami da zuma, wanda littafin sana'armu ke kira Bee's Knees. Ya kawo kwalba biyu ta giyar ƙasarsu, pisko, wadda ake yi da inabi, fara tas kamar ruwa. Yana so a yi masa haɗin nan da ita a madadin jin. Madam ta ba ni kwalba ɗaya, ta ba Brice ɗaya. Kowa zai kawo kofi huɗu. Wanda nasa ya fi, aikin nasa ne.

Kin ga harshen da nake aro ya zama abokin takarata. Ba zan yi gwaji a gabansa ba, shi ya sa na kawo kwalbata gida. Na juye ta a wata farar kwalbar alkol ɗin turare da ya ƙare, na tura ta can bayan kanta, a tunanina wari ba ya ɓuya sai a cikin wari. In Inna ta tafi islamiyya da la'asar sai in haɗa, in miƙa wa maƙwabciyarmu Maman Béatrice ta kan katanga. Sau uku na gwada. Na farko ta ce maganin tarin yara ne. Na biyu ta ce maganin tarin manya. Na uku ta shanye ta ce, "Ɗana, ba shi da ƙashin baya."

Ta yi gaskiya, hancina ma ya faɗa mini. Jin tana da wani ɗaci mai warin itace da ƙaro, shi ke riƙe zuma ya hana ta yin yadda ta ga dama. Pisko kuwa fure ne da inabi kawai, zumar kasuwar Garoua kuma baƙa ce mai nauyi, sai ta zauna a kansa.

Na auna abin da Inna ta bari: mililita 270. Kofi huɗu na cin 240. Saura talatin, rabin kofi, gwaji ɗaya tak.

Don Allah ki aiko mini farar zumar wajenku ta hannun direban da ya kawo wannan. Kada ki kira ni a waya kan zancen, kin san katangar gidan nan. Tun jiya ban iya zama wuri ɗaya ba.

Ƙaninki,
Nasrullahi

Banyo
Asabar, 11 ga Mayu

Nasuru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Malam na amsawa. Ruwa ya sauka, hanya ta fara lalacewa, don haka kada ka dogara da kwana biyu, ka ƙaddara uku.

Ga zuma nan, lita ɗaya, ta wani makiyayi da nake saye a wurinsa. Ta shayin Inna ce da taka. Abin da ka yi da rabonka tsakaninka da Allah. Na faɗa maka ra'ayina kan wannan aiki shekara tara da suka wuce, bai canza ba, kuma ka san hukuncin kamar yadda na sani. Ba zan maimaita ba.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kamar yadda nake karanta rahoton yaranmu a gidan rediyo kafin in bari a watsa. Ka ƙirga mililita daidai, amma ka tsallake mutum biyu.

Ta farko amarya ce. Yarinya za ta shafa humrar nan a jikinta da tufafinta, ta tsaya salla da ita. Alkol ɗin turare malamai sun yi magana a kansa, wasu sun sassauta. Wannan kuwa giyar inabi ce da aka yi don sha. Ba ka da ikon yanke mata wannan hukunci a ɓoye. Yaushe za a zo karɓa? Ba ka faɗa ba, ina zaton ba ka ma tambaya ba.

Ta biyu ita ce Inna, kuma nan ne hankalina ya tsaya. Ka tuna ranar da na dawo daga makarantar lise, tana cikin ɗaki ni ina zaure, ta ɗaga murya ta ce, "Wa ya goyo ki a babur, mai kifi?" Kuma mai kifin ne. Matar da ke gane sandal ɗin da aka surka ba tare da ta buɗe ƙullin ba, ita ce ta buɗe kwalba, ta zuba rabi, ba ta ji inabi ba? Kai da kanka ka ce fure ne da inabi.

Ɗaya daga biyu ne. Ko ta san abin da ke ciki ta zuba da gangan don ta nuna maka ta sani, ko kuwa hancinta ya tafi. Ban san wanne ba ne, kai ma ba ka sani ba. Kada ka zaɓi wanda ya fi maka sauƙi. Ka duba, ka tabbatar, sannan ka rubuto. A aikinmu ba a fitar da labari da majiya ɗaya.

Ka gaida Inna, ka ce zumar daga jikokinta. Ka gaida Maman Béatrice, ka ce na ce ta ji tsoron Allah.

Yayarka,
Sadiƙa

Garoua
Laraba, 15 ga Mayu

Adda,

Sallama da gaisuwa. Zuma ta iso jiya, na gode. Na buɗe ta na rufe. Ita ce nake nema, mara nauyi, da ɗan warin ciyawa a ƙarshe. Ban taɓa talatin ɗin ba tukuna.

Humrar ranar Juma'a 24 za a zo karɓa, jajibirin liyafa. Ban tambaya ba sai da kika faɗa, gaskiyarki.

Hancinta ya tafi, Adda.

Da na fara lura sai abubuwa suka yi ta fitowa. Kwalabenta duk ta ɗaura musu zare a wuya, ja, kore, baƙi. Da babu wannan. In mai saye ta zo, ba ta ƙara kai murfi hancinta ta ce wannan kaza ne. Miƙawa take ta ce, "Ya kika ji shi?" Ran Lahadi shinkafa ta kama a tukunya tana zaune taku uku daga murhu tana tsince kajiji, sai da na fito daga ɗaki na sauke. Ta ce hankalinta ne ya tafi wani wuri. Na yi lissafi, tun zazzaɓi da murar nan da ta yi bara waccan aka fara ɗaura zaren.

Kin ce majiya biyu, sai na yi abin da nake kunyarsa. Na jiƙa auduga da ruwan randa, ruwa zalla, na kai mata na ce wani ɗan Kousséri ne ya kawo sabon mai, yana so a gwada. Ta karɓa ta kai hanci, ta lumshe ido kamar yadda ta saba, ta daɗe. Sannan ta ce, "Ba laifi. Amma ba zai daɗe a tufa ba. Kada ka saya."

Na ce to. Na fita na kama tafiya, ban tsaya ba sai gadar Binuwai, da ranar nan ta Garoua. Na tsaya ina kallon masu wanki, na dawo. Shekara biyu tana haɗa turare da awo da tuni kawai, a gida ɗaya da ni, ni kuma ina can ina shinshina kofunan mutane.

A otel ma ba daɗi. Jiya muna goge kofuna Brice ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Nasuru, ka kawo naka in ɗanɗana maka. Ba komai."

Na ce, "In ka ce in ƙara zuma, ta ina zan san don Allah ka faɗa?"

Ya ajiye tsumma. "Shekara tara ina ba ka aron harshena, ko godiya ba kullum ba. Yau ne zan yi maka ƙarya?"

"Da ba mu da abin da za mu raba."

Ya ce ɗan Hausa ko ruwa za ka ba shi sai ya nemi a auna. Na ce da an auna ka da ba a ɗauke ka aiki ba. Da can dariya za mu yi. Jiya babu wanda ya yi. Yana da 'ya'ya uku, na sani, ni ma ban san wata sana'ar da zan nuna takardarta ba in ban da wannan.

Yanzu ki duba inda nake. In na yi shiru, amarya ta shafa. In na ce humrar ta lalace, Inna za ta ce ta yaya, kuma amsar ta ƙunshi aikina da hancinta gaba ɗaya. Na yi tunanin in ture tulun humrar ya fashe in ce kyanwa ce. Me kika gani?

Ƙaninki,
Nasrullahi

Banyo
Asabar, 18 ga Mayu

Nasuru,

Gaisuwa. Na karanta zancen audugar a ofis, sai da na rufe ƙofa.

Ni ma ina da nawa. Humrar da ta aiko mini da ƙaramar salla, miski ya yi mata yawa har tana hawa kai. Na sa ta a ƙasan akwati, na bugo waya na ce ta yi daɗi. Da na tambayi kaina dalili a lokacin, da mun sani tun tuni.

Ka bar kyanwa. Gidanmu ba mu da ita, kuma ƙarya ta uku ba za ta gyara biyun farko ba.

Ka gaya mata, kafin Juma'a, da ranar Allah, kana zaune a ƙasa. Ka fara da naka ka ƙare da naka: ga aikin da nake yi, ga abin da na shigo da shi gidanki, ga inda ya shiga. Kada ka ambaci hancinta ko da wasa. Kada ka ce "ai ba ki ji ba ne". Wannan sirrinta ne, ita za ta buɗe in ta so. Macen da duk Poumpoumré ke kira Haja Asta mai humra, in ka cire mata wannan a gaban idonta, me ka bar mata?

Za ta iya cewa ka bar aikin, za ta iya cewa ka bar gidan. Ban san wanda za ta faɗa ba, kuma ba zan yi maka alkawarin sauƙi ba. In ta kore ka, akwai ɗaki a nan.

Game da Brice, ba ka kyauta ba. Kai ma ka sani.

Allah ya ba ka sa'ar baki.

Sadiƙa

Garoua
Laraba, 22 ga Mayu

Adda,

Ina gaisuwa. Na gaya mata jiya bayan azahar. Ba ta kore ni ba. Kwalbar ta kora.

Wasiƙarki ran Litinin ta iso, ana bikin ranar ƙasa ta 20 ga Mayu, otel cike, ban samu zama ba sai jiya. Na same ta a ɗakin turare tana daka farcen turare. Na zauna a bakin ƙofa na faɗi duka yadda kika tsara, ina kallon tabarma. Ba ta daina daka ba har na gama. Sannan ta ce, "Ɗauko tulun."

Ta sa na kai shi bayan gida na tuttular a makwarara, tana tsaye a kaina. Aikin sati biyu. Ta sa na wanke tulun sau bakwai.

Da muka dawo ta ce, "Kai a tunaninka yau na sani? Ranar farko da ka dawo daga aikin nan, tun daga zaure na ji ka. Kamar an matse lemu a kan ƙaro. Ka yi wanka da sabulu sau biyu, shi ma na ji."

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

"In na tambaya, ko ka yi mini ƙarya ko ka faɗa mini gaskiya. Babu wadda nake da wurin ajiye ta."

Ban ce komai kan ɗayan zancen ba, na riƙe bakina kamar yadda kika ce. Can sai ta tura mini turmin da ƙafa, ta ce, "Amarya ba ta da laifi. Kwana uku ya rage. Ni zan faɗi awo, kai ka shinshina. In ya kai ka ce ya kai." Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Muka yi aiki har la'asar ta wuce, ba ta je islamiyya ba. Sau ɗaya na ce miski ya isa tun kafin ta kai awonta. Hannunta ya tsaya a sama, sannan ta mayar da murfin.

Ta ce abin nan kada magariba ta same shi a gidanta. Na ce to.

Ina shirin fita da shi sai na ga ta juye randar ruwan sha, ta kife ta a kan kasko, ta jefa kajiji a garwashi, yadda take yi duk sati tun muna yara don ruwa ya yi ƙamshi. Na tsaya da kwalba a hammata ina kallo. Warin nan busasshe na saiwa da ƙasa, mai ɗan ɗaci a ƙarshe. Adda, ƙashin bayan da nake nema ke nan, sati biyu yana tsakar gidanmu. Ba a cikin ruwan zan sa shi ba, a jikin kofin. Ban tambaye ta ba, kuma ba zan taɓa gaya mata ba. Guda uku na ɗauka, daga wanda na sayo mata da kaina.

A barandar Maman Béatrice na yi gwajin ƙarshe. Na narkar da zumarki da ruwan ɗumi, awo ɗaya da ɗaya, na bari ta huce. Pisko mililita talatin, lemun tsami goma, ruwan zuma bakwai. Na kife kofi a kan hayaƙin kajiji na ƙirga ashirin. Na girgiza haɗin da ƙanƙara har gwangwanin ya fara cizon hannu, na tace a kofin. Na kai hanci. Furen ya fito, zumar ta koma bayansa, hayaƙin yana ƙasa yana riƙe su.

Ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Ta ce, "Ina sauran?"

"Babu, Maman."

"To je ka yi istigfari irin naku, don wannan zai hana mutane zuwa coci."

Saura 240 cif, yana cikin firjinta.

Ƙaninki,
Nasrullahi

Garwa, ranar Alhamis

Bismillahi. Zuwa ga 'yar Banyo.

Bayan gaisuwa, ina gaida maigidanki da mazajena ƙanana. Da hannuna na rubuta da ajami, na san kina iya karantawa, ƙaninki kuwa ya manta nasa. Zuma ta iso, Allah ya yi albarka. Zaƙinta nake ji, sauran sai yadda aka faɗa mini.

Na san kun yi shawara a kaina, ba yau na haife ku ba. To ki ji daga bakina. Shekara biyu ke nan ba na jin wari, mai daɗi ko mara daɗi. Ranar da na zuba abin nan na ji bai hau mini ido ba kamar yadda alkol ya saba, na ce ko an surka shi ne. Audugar da ya kawo mini kuwa, da ya fita na taɓa ta da harshe. Ruwan randata ne. Ban yi fushi ba.

Aikinsa ban sa masa albarka ba, ban kuma yi masa baki ba. Jibi ne gwajin nasu. Na tashi in roƙi Allah ya faɗi, na kasa. Na tashi in roƙi ya ci, na kasa. Na ce Allah ya zaɓa.

Humrar da muka sake, yayar uwar amarya ta leƙo yau ta shinshina, ta ce rabonta da irin wannan tun Alhaji na da rai. Ni fuskarta na kalla.

Ina buƙatar hanci a gidan nan. Ba zan roƙe shi ba, kuma ban yarda ki roƙa mini ba. Wanda aka jawo da igiya ba ya haɗa turare.

Allah ya tsare ku. Wassalam.

Mahaifiyarku

Garoua
Lahadi, 26 ga Mayu

Adda,

Gaisuwa mai yawa. An yi liyafa jiya da yamma. Ba a faɗi sakamako ba, Madam ta ce gobe Litinin da ƙarfe goma za a liƙa suna a allon ma'aikata.

Brice ya fara. Ya sa ɗanyar citta a nasa, kuma daga inda nake tsaye na san ya yi kyau. Baƙon ya sha ya gyaɗa kai.

Da na fito da kasko Madam ta ɗaga gira, amma ba ta hana ba. Na kife kofuna huɗu, na auna, na girgiza. Kafin in tace sai ta ce, a gaban kowa, "Dakata. Ka ɗanɗana tukuna. Ba na miƙa wa baƙona abin da mai haɗa shi bai san ɗanɗanonsa ba."

Na ce, "Madam, ban taɓa ba, kuma ba yau zan fara ba."

"Ka san abin da wannan ke nufi?"

"Na sani."

Ƙanƙara na narkewa a gwangwani, kowace daƙiƙa ruwa na shiga. Sai Brice ya zagayo ta bayana, ba wanda ya kira shi, ya zaro bututu daga aljihun rigarsa ya tsoma. Ya riƙe a baki, ya dubi rufi yadda ya saba. Ya ce, "Lemun yau bai kai na jiya tsami ba. Ƙara ɗigo biyar."

Hancina bai ce mini haka ba. Hanci ba ya jin tsami sosai, shi ya sa nake buƙatarsa tun farko. Na dube shi, ya dube ni. Mutum mai 'ya'ya uku, aiki ɗaya tsakaninmu, kuma babu sauran pisko da zan gyara in ya lalace. Na ƙara biyar.

Baƙon ya shanye, sannan ya sa hanci a cikin kofin da babu komai ya daɗe. Ya tambaya wane itace ne. Na ce saiwa ce, da ita ake turara randa a gidanmu. Ya nemi na biyu, na ce babu. Ya yi dariya ya ce haka ya kamata. Madam ta sha rabin nata, ta rubuta wani abu, ba ta dubi kowa ba.

A ɗakin canza kaya na ce wa Brice na gode, na kuma ce ya yafe mini. Ya ce, "Ɗan Hausa ya yi godiya ba a auna ba, yau za a yi ruwa." Kuma an yi.

An karɓi humra ran Juma'a. Inna ba ta tambaye ni yadda aka yi jiya ba. Tuwo kawai ta ajiye mini, da miyar kuka, ta ce in duba ko daddawa ta yi yawa.

Ban aika wannan ba tukuna, zan haɗa da ta gobe.

Ƙaninki,
Nasrullahi

Litinin, 27 ga Mayu

Adda,

Sallama. A gurguje, direba na jira.

Na shirya tun tara zan tafi otel. Ina sa takalmi sai ga wata Hajiya daga Ngaoundéré, tana son humrar 'ya'ya biyu. Inna ta buɗe kwalba, maimakon ta miƙa wa matar sai ta miƙo mini murfin, a gabanta, ta ce, "Auta, ya ka ji shi?" Na ce sandal ya yi ƙasa. Ta ce, "To gyara."

Yanzu an yi azahar. Takalmin na nan a bakin ƙofa, hawin turare na jiƙe, saura kwalba biyu.

Ki gaida Malam da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Nasrullahi

Mai gadin otel ya bugo waya ɗazu. Ya ce an liƙa takardar, suna ɗaya ne a kai, kuma nawa ne. Majiya ɗaya ce. Ban je na gani ba tukuna.